Yadda Ake Haɗa Mangwaro da Kindirmo a Gida

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, mangwaro yakan cika kasuwannin Goronyo, Wurno da Rabah. Abin takaici, wanda ya nuna luguf yakan ƙare a juji, alhali kuwa shi ne ya fi dacewa da wannan abin sha.

A sami mangwaro huɗu, a wanke, a feraye, a yanka tsokar cikin kwano. In babu injin markaɗe, a dama da maburgi har ya yi laushi, sannan a tace da rariya domin fitar da zaren. A zuba kindirmo kofi biyu da ruwa kofi ɗaya, a sake burgawa. Sukari ba dole ba ne. Ni a ganina ɓata ɗanɗanon yake yi.

Inda ake bukatar lura shi ne ruwa da nono. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984, ta wadata manoman rani da ruwa, amma ruwan magudanar lambu ba na sha ba ne sai an tafasa, don yana iya kawo gudawa ko kwalara. Madarar ma a tabbata an dafa ta kafin a yi kindirmon.

A ba wa ƙanne su sha, domin mangwaro yana taimaka wa jiki samun bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. A sa kwanon a gindin randa ya yi sanyi, a shanye a ranar. In ya kwana zai yi tsami.