Sanin Tsohon Kayan Katako da Kiyaye Shi

Duk lokacin da aka zauna rabon tarika a tsofaffin gidajen birni, bayan an ƙiyasta gida da gona da tufafi, akan bar waɗansu kaya a kusurwar zaure, kamar kujerar tsugunno wadda ta yi baƙi ƙirin, da akushi, da adakar da mabuɗinta ya ɓace, da ƙyauren da aka cire ranar da aka sa na ƙarfe, waɗanda magada ba su ɗauka a bakin kome ba, alhali kuwa sau da yawa su ne mafi daɗewa cikin abin da mamaci ya bari, kuma su ne waɗanda kuɗi ba ya sake sayo irinsu. Saboda haka ya kamata mai gida ya san alamomin da ake gane tsohon abu da su, tun bai kai ga murhu ba.

Hujja ta farko tana ƙarƙashin abin, inda ido ba ya kaiwa. Masassaƙin dā, wanda ba shi da zarto balle inji, gungume guda yake ɗauka na ƙirya ko maɗaci, ya yi ta sara da gizago har kujera ta fito da mazauninta da ƙafafunta ba tare da haɗi ko ƙusa ba. Don haka idan ka kifa ta, ka shafa da tafin hannu, za ka ji sawun gizago, ƙananan kwarmi a jere, babu biyun da suka yi daidai da juna. Sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ne falankin da aka tsaga a kurmin kudu ya yawaita a kasuwanninmu, kafintoci suka shiga haɗa akwati da tebur da kabad. Ƙusa ma tana ba da shaida, domin wadda maƙeri ya ƙera tana da kusurwa, kanta kuma a karkace, ta inji kuwa zagaye take sumul. Idan ka ga bayan kabad an rufe shi da siririn allo na ɓawon katako da aka manne hawa-hawa, irin wanda aka riƙa yi a Sapele bayan Yaƙin Duniya na Biyu, to, ka san shekarunsa ba su kai yadda dillali yake rantsuwa ba.

Akwai kuma masu tsufantar da sabon abu da gangan, su turara shi da hayaƙi, su shafe shi da baƙin tukunya, wani lokaci har su binne shi cikin ƙasa, don su yaudari baƙo. Abin da ba su iya kwaikwaya shi ne cin da zamani yake yi a inda ya dace. Kujerar da mata suka yi shekara da shekaru suna tuƙa tuwo a kanta takan yi santsi a mazauni da gefen da ake kamawa a ɗauka, ƙafafunta su cinye ta ɓangaren da ake ja a ƙasa, lungunanta kuwa su zauna da kaushinsu. Ta jabu baƙinta bai ɗaya yake ko'ina, in ka goga da farin tsumma mai ɗan laima sai ya biyo tsumman. Wanda yake son ya horar da idonsa, ya ziyarci Gidan Makama a Kano, ya tsaya gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, ya dubi yadda ƙarfe da ƙusa suke tsufa.

Game da kiyayewa, a ganina babu abin da ya fi yi wa waɗannan kaya illa kamar kyakkyawar niyyar mai su. Mutum ya ga kujerar kakarsa ta dushe, tausayi ya kama shi, ya kai wa kafinta a goge ta da samfefa a zuba mata fenti mai sheƙi, bai sani ba cikin sa'a guda ya share sawun gizago da santsin hannuwa, wato dukan shaidar da take tabbatar da ƙimarta, kuma babu gwanin da zai mayar da su. Abin da ya wajaba kaɗan ne: a kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma mai laushi, a shafa kakin zuma ɗan kaɗan sau ɗaya a shekara, a murza har ya shige. A guji wanki da ruwa, a guji man gyaɗa, gama yakan yi ɗoyi ya kama ƙura.

Katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, daga nan ne tsagewa take zuwa. Don haka kada a ajiye shi a rana ko kusa da murhu, in kuwa ya riga ya tsage, kada a matse shi da ƙusa, domin da saukar ruwa bakin tsagar yakan ragu da kansa. Gara kuwa ta ƙasa da bango take hawa, sai a ɗora kayan bisa bulo, a janye su daga jikin bango, a riƙa leƙa ƙarƙashinsu. Garin katako mai laushi da ya zubo daga ƙananan huji alama ce ta ƙwaro yana ci daga ciki. A ware abin daga sauran kaya nan da nan, a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi.

Wanda larura ta sa zai sayar, ya sani dokar Nijeriya ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta lasafta aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta kuma hana fita da shi waje sai da izini. Wanda zai riƙe kuwa, ya tambayi tsofaffin gida tun suna raye, ya rubuta sunan mai abin na farko, da garin da aka sassaƙa shi, da lokacin da ya shigo gidan, ya adana takardar tare da takardun gida da na gona.