Shin Ko Kun San? Abubuwan Mamakin Zamanin Sarauniya Victoria

Tana 'yar shekara 18 ta hau gadon sarautar Ingila, a 1837. Lokacin babu tarho, babu mota, babu ƙwan lantarki a gidan kowa. Kafin ta rasu a 1901, duk sun bayyana. Ku gyara zama, jama'a, akwai labari!

Shin ko kun san cewa a da, yawanci wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biyan kuɗin aike? Talaka sai ya ga wasiƙarsa a hannun ɗan aike, ya ce a mayar, ba shi da kuɗi. A 1840 Rowland Hill ya sa aka fito da kan sarki na farko a duniya, baƙi, kwabo ɗaya. An buga sama da miliyan 68! Da almakashi ake yanko kowane ɗaya. Har yau Birtaniya ba ta rubuta sunanta a jikin kan sarkinta. Hoton mai sarauta ya wadatar.

Kun taɓa jin saƙo ya riga jirgin ƙasa isa gari? A 1845 wani John Tawell ya kashe wata mata kusa da garin Slough, ya faɗa jirgin Landan, yana ganin ya sha. Ashe an buga wayar tangaraho da kamanninsa har da irin rigarsa. Yana sauka, ɗan sanda na biye da shi. Kashegari aka damƙe shi!

Ga ta cikin teku. A 1858 aka shimfiɗa waya a ƙarƙashin Tekun Atilantika, daga Ayalan zuwa gaɓar Arewacin Amurka. Sarauniya ta aika wa Shugaban Amurka James Buchanan gaisuwa mai kalma 98. Awa nawa ta ɗauka? Kusan 16! Kalma shida a awa ɗaya ke nan. Duk da haka mutane suka yi ta shagali, don jirgin ruwa sai ya yi kwana goma ko fiye. Bayan kamar mako uku wayar ta mutu murus. Sai a 1866 ƙaton jirgin nan Great Eastern, mai tsawon mita 211, ya shimfiɗa wadda ta ɗore.

Wannan kuma sai kun riƙe zuciya. A farkon zamanin, ido biyu ake yi wa mutum tiyata! Ƙarti su danne shi, likita ya yi ta sauri. A Nuwamban 1847 wani likita a Edinburgh, James Young Simpson, ya zauna da abokansa biyu a teburin cin abinci, suka shaƙi wani ruwa mai suna kulorofom. Suka fara raha da surutu. Can sai rim! Duk suka zube ƙasa. Da suka farka suka san sun yi tsintuwa. A 1853 Sarauniya da kanta ta shaƙe shi wajen haihuwar ɗanta na takwas, masu suka suka rage baki.

Likitan da ya ba ta maganin, John Snow, shi ne kuma ya kama kwalara dumu-dumu. A 1854 cutar ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a Landan. Kowa na cewa gurɓatacciyar iska ce. Shi kuwa ya bi gida-gida, ya zana taswira, ya sa alama a duk inda aka yi rashi. Sai ga alamun sun yi cincirindo kewaye da famfo guda ɗaya tak! Aka cire hannun famfon. Ruwa ne, ba iska ba.

Wari ma ya taɓa kafa tarihi. A zafin 1858 Kogin Thames ya yi ɗoyin da 'yan majalisa suka riƙa toshe hanci da hankici, har labule aka jiƙa da sinadari aka rataya a tagogi. Cikin 'yan makonni suka amince da kuɗin gyara. Injiniya Joseph Bazalgette ya gina magudanan ƙazanta da tubali miliyan 318. Har yau suna aiki!

To, ga wanda ya taɓo mu. A 1841 Turawan Ingila sun shigo Kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe musu sama da mutum 40. A 1854 likita William Baikie ya haura Kwara da Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum. Ko mutum ɗaya bai mutu ba! Daga baya ya zauna a Lakwaja, har Hausa ya koya. Sai dai kwinin na da tsada, don daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka ake samo shi.

Nan fa wani yaro ɗan shekara 18, William Perkin, ya ce zai haɗa shi a ɗakinsa. A 1856 ne. Me ya samu? Baƙar dagwalo a gindin kwalba. Yana wanke ta da sinadari sai ga launin shunayya yana sheƙi! Ya tsoma siliki, ya kama. Mai neman maganin zazzaɓi ya buɗe wa duniya ƙofar rinin zamani, ya kuma kuɗance. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta, wanda daga baya ya zo yana gogayya da baban da marina ke amfani da shi a karofi irin na Ƙofar Mata a Kano.

A 1897 ɗin dai, ranar 20 ga Agusta, Ronald Ross ya feɗe cikin sauro a Indiya, ya ga ƙwayar zazzaɓin a ciki. Shi ya sa ranar ta zama Ranar Sauro ta Duniya. Kun san da ita?

Direbobi, ku matso! Dokar Birtaniya ta 1865 ta ce abin hawa mai inji kada ya wuce mil 2 a awa cikin gari, kuma sai mutum ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta. Jaki ma sai ya wuce shi. A Janairun 1896 aka kama Walter Arnold yana sheƙa gudun mil 8 a awa. Da me ɗan sanda ya bi shi? Da keke! Tarar gudun? Sule ɗaya.

Danja ta farko kuwa, a 1868 aka kafa ta kusa da majalisar Landan. Da iskar gas take ci, ɗan sanda ke juya ta da hannu. Ba ta yi wata guda cikakke ba ta fashe, ta ƙona shi. Tirƙashi!

Masu keke da babur, ku gode wa likitan dabbobi. John Dunlop na Belfast ya ga keken ɗansa yana jijjiga shi a kan duwatsun titi, sai ya naɗa wa ƙafafun roba, ya hura mata iska. A 1888 ya yi rajistar tayarsa.

Kai, har da alƙalami aka gano wata duniya! A 1846 Bafaranshe Urbain Le Verrier ya yi lissafi, ya rubuta wa masu duban taurari na Balin cewa su duba wuri kaza a sama. A daren da wasiƙar ta iso, suka ga Neptune daf da inda ya ce.

A 1895 kuma Bajamushe Wilhelm Röntgen ya ɗauki hoton hannun matarsa da wani haske da ido ba ya gani. Ga ƙasusuwa, ga zobe, babu tsoka! Ya ƙi yin rajistar mallakar abin, ya bar wa duniya kyauta. Hoton ƙashin da ake yi a asibiti ke nan.

Wanne ya fi ba ku mamaki? Kada ku bar shi a cikinku. Ku ba yara labari yau da daddare, ku gaya musu wanda ya gano rinin nan shekararsa 18 kacal.