Gida, Gona da Hanya a Ƙauyukan Gaya da Ajingi

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a gabashin jihar Kano, kan iyaka da Jigawa. Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka na cewa daga can ne maƙeran nan, Abagayawa, suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama. Tun 2024 yankunan biyu, tare da Albasu, suna ƙarƙashin masarautar Gaya mai daraja ta biyu. Galibin jama'a kuwa mazauna karkara ne, a garuruwa irin su Kademi, Shagogo, Balan, Toranke, Kunkurawa da Gafasa, da ƙananan ƙauyukan da ke kewaye da su. Kowace unguwa da mai unguwarta, shi ke kai magana ga dagaci, dagaci kuma ya kai ga hakimi.

Gidan ƙauye da zaure yake farawa. Nan maigida ke karɓar baƙi, nan ake cin tuwon dare tare da maƙwabta, kuma baligi ba ya wuce shi zuwa cikin gida sai an yi masa iso. A ciki kowace mata da ɗakinta, ga madafa, ga turken awaki, ga rumbuna a gefe. Ginin ƙasa da azara shi ne na asali, amma rufin kwano ya yi yawa, ginin bulo ma yana ƙaruwa. Sau da yawa ɗakin bulo a gida shaida ce cewa akwai wani ɗan gidan da ke nema a birni.

Damina ce ke tsara shekara. Da bazara ake sharar gona da kai taki a mangala ko a amalanke. Ruwa na sauka a yi shukar gero da dawa, a tsarma wake da gyaɗa, wasu su ƙara da riɗi. Sai noman firi, sai maimai, sai huɗa. Da kaka ake ɗaure hatsi dami-dami, a fitar da zakka, a zuba saura a rumbu. Ana auna wadatar magidanci da watannin da rumbunsa zai ɗauki iyali kafin ya fara awo a kasuwa.

Gona ita ce uwar dukiya, kuma hanyoyin riƙe ta suna da yawa. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suna noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya. Shi ke ciyarwa, shi ke yi musu aure. Kowane ɗa yana da gayaunarsa, wadda yake nomawa da yamma ko ranar hutu, amfaninta kuma nasa ne. Gandu ya ja baya ƙwarai, domin samari sun fi son cin gashin kansu da zarar sun yi aure. Idan maigida ya rasu ana raba gado bisa shari'ar Musulunci: namiji rabo biyu, mace ɗaya, matan mamaci kuma su raba tumunin takaba idan ya bar 'ya'ya. A da, 'ya mace kan bar rabonta a hannun 'yan'uwanta maza, su riƙa kai mata dami da kaka. Yanzu mata da yawa suna karɓar gonarsu su sa a noma musu, kuma haƙƙinsu ne. Sai dai kowane rabo yana ƙara tsinka gona: filin da kaka ya ciyar da gida guda da shi, yau jikoki da dama ne ke riƙe da shi fegi-fegi.

Wanda bai gada ba, ko abin da ya gada bai ishe shi ba, yana iya samun aro daga dangi, ko ya yi haya ta shekara, ko ya karɓi jingina. A jingina mai gona ke karɓar kuɗi ya miƙa gonar, mai kuɗi ya yi ta noma har ranar da za a fanshe ta. Malamai da yawa suna ƙyamar wannan, don mai ba da bashi yana cin amfani a kan bashinsa, amma rashin lafiya da hidimar aure sukan tilasta. Sayar da gonar gado abin kunya ne, ba a yin sa sai dole ta kama. In za a yi, a gaban mai unguwa da shaidu ake yi, a kira maƙwabtan gona su nuna iyaka, wadda galibi layin gamba ne ko wata kuka ko ɗorawa da kowa ya sani. Dokar ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a filayen karkara, amma abin da aka fi dogara da shi shi ne takardar ciniki mai hatimin dagaci.

Dukiyar mace daban take da ta mijinta, ba ya taɓa ta sai da yardarta. Kayan ɗakin da iyaye suka yi mata nata ne, haka awaki, tumaki da kaji. Daga cikin gida take sana'a: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, fura, saƙar faifai, yara su kai talla. Ribar tana shiga adashe, ko biki, wato gudummawar da ƙawaye ke yi wa juna ana ramawa da ƙari. Akuya ita ce asusun gaggawa.

Tafiya kuwa tsohuwar al'ada ce. Mutanen da sun yi fatauci da jakuna, almajirai sun bi malamansu gabas neman karatu, wasu sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan suka shekara da shekaru a hanya. Abin da ya fi yawa yanzu shi ne cin rani. Da an gama girbi matasa su kama hanyar Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal, su yi dako, ga-ruwa, gadi, leburanci ko tireda, su rage wa rumbu baki, su kuma tara kuɗin taki. Mai tafiya yana sallamar iyaye ya nemi albarkarsu, ya bar wa matarsa hatsi, ya damƙa gidan a hannun wa ko ƙane. A can wurin 'yan garinsu yake sauka, su ne ke nema masa abin yi. Kuɗi yanzu ta wurin mai POS suke isowa, amma dawowa ba tsaraba abin magana ne. Da kuɗin cin rani ake fansar gonar da aka jinginar, a sayi shanun huɗa, a yi aure, mai hali kuma ya fara tarin kuɗin kujerar Hajji.

Sana'ar acaɓa, wadda ta ɗauki matasa da yawa, ta ƙuntata tun da aka hana ta a birnin Kano a 2013, Legas ma ta hana a wasu sassanta a 2022. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga kuɗin mota, har wasu 'yan cin rani sun rage zuwa gida tsakanin sallah da sallah.

Babban titin da ya taso daga Kano ya haye gadar Wudil ya bi ta Gaya zuwa Dutse shi ne mafitar yankin. Ta nan ake kai dabbobi kasuwar Wudil ranar Juma'a. An kuma tsara wa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi reshe zuwa Dutse, wanda zai ratsa wannan ɓangare. Daga ƙauyukan ciki kuwa har yanzu babur da amalanke ne ke fitar da mutum da kayansa zuwa bakin kwalta, kuma da damina wasu hanyoyin sukan yanke har sai ruwa ya janye.