Wa zai ɗauki nauyin mai jinyar tsohon soja?

A shirinmu na wannan mako mun leƙa Hartum da Umdurman, inda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya bar gidaje da yawa da majinyata.

Ka san naƙasa hawa-hawa ce. Sojan da ya rasa ƙafa ɗaya, in ya samu ta roba, yana iya komawa neman abinci. Amma wanda harsashi ya taɓa wa laka sai an juya shi, an yi masa wanka, an kai shi bayi. A irin wannan gida mutum biyu ne suka daina nema, shi da matarsa ko ƙaninsa da ke jinyarsa. Fansho kuwa na mutum ɗaya ne.

Shi ya sa Amurka ta ware ƙarin kuɗi duk wata ga tsohon sojan da ba ya iya wanka, sa tufafi ko cin abinci sai da taimako. Ingila ma tana da irin wannan alawus a kan fanshon raunin yaƙi. Abin da ake dubawa shi ne yawan taimakon da mutum yake bukata a kullum.

To, Sudan fa? A 2009 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, ta kuma yi sabuwar dokarsu a 2017. Sashe na 28 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnati tallafa wa iyalai matalauta da kuɗin ɗawainiyar naƙasa. Ke nan neman wannan tallafi haƙƙi ne, kada ka ji kunyarsa.

In kana da irin wannan majinyaci, adana takardunsa na aikin soja da na asibiti, ka ɗauki hotonsu a waya. Ranar ganin likita, roƙe shi ya rubuta dalla-dalla ayyukan da majinyacin ba ya iya yi shi kaɗai, domin sunan ciwo kawai ba ya nuna wahalar gida. Sannan ka riƙe takardar wajen neman taimako a ofishin zakka ko ƙungiyar Red Cross.

Allah Ya ba majinyata lafiya, Ya saka wa masu jinya. Sai mako mai zuwa.