Amanar Aji da Nasihar Abokin Aiki

A Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Irin wannan majalisi a buɗe yake: malami na fassara, malamai na saurare, tuntuɓen harshe ba ya kwana.

Yau a makarantunmu na sakandare, daga Boɗinga har Shagari, malami kan shekara babu abokin aikin da ya leƙa darasinsa. Kuskurensa sai sakamakon WAEC ya tona, ɗalibi ya riga ya faɗi.

Malamai, mu riƙa zama ajin juna. Mu lura: ana yi wa ɗalibai tambaya, ko kwafar allo kawai suke yi? Sannan mu gyara a asirce. Nasiha ke nan. Allah Ya sa mu sauke amana.