Gubar da Ba Ta da Wari: Darasi Daga Arlit

Mu da muka tashi a ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, mun san sana'ar bayan kaka: yaro ya saɓa buhu, ya tsinto tsoffin ƙarafa, ya sayar wa 'yan gwangwan ya sami na kashewa. Ba kasafai muke tambayar inda ƙarfen ya fito ba, alhali a wasu wurare wannan tambayar batun rai ce.

Ku ɗauki Arlit da ke arewacin Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971. Wannan ma'adini yana fitar da tururin nukiliya, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi awo a garin Akokan da ke kusa, ta tarar a wani titi tururin ya ninka yadda aka saba kusan sau 500. Ta kuma sami gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwar Arlit.

Yara ne suka fi shiga haɗari. Jikinsu na girma, ƙwayoyin halittarsu na rarrabuwa da sauri, don haka tururin ya fi yi musu lahani. Ga wasa cikin ƙasa, ga kai hannu baki. Cutar kuma takan yi shekaru kafin ta bayyana. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukren a 1986, yara sun sha madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa. Zuwa 2005, fiye da 6,000 cikin waɗanda ke ƙanana a lokacin sun kamu da sankarar wuya a Yukren da Belarus da Rasha.

Ƙarfen bola ma ya taɓa jawo masifa. A 1987, a birnin Goiânia na Brazil, masu tsintar ƙarafa sun fasa na'urar wani asibiti da aka yi watsi da shi. Mutum 4 suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6.

A yankinmu ba a haƙar yuraniyom, amma ƙarfe yana yawo, 'yan ci-rani ma haka. Idan kuka ga ƙarfe mai nauyi a rufe, ɗauke da alamar fukafukai uku a kan ruwan ɗorawa, kada ku taɓa, kada ku fasa. Ku janye ƙannenku, ku sanar da malami ko mai unguwa.