Raunin Faɗuwa a Wasan Zamiya da Makamantansa

Wasan zamiya a kan allo mai ƙananan tayoyi ya samo asali ne a Kalifoniya ta Amurka, kuma ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021. Ana yin sa a fili na siminti mai gangara da kwari, irin wanda aka gina a Adis Ababa a 2016. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu a Sudan kuwa, kamar Mai Wurno da ke kusa da Sinnar, matasa sun fi faɗowa daga keke, babur, bayan jaki ko amalanken da ake ce wa karo, ko kuma a filin ƙwallo da rani ya ƙeƙasar. Raunin dai iri ɗaya ne, don ƙashi bai san abin da ya kayar da mai shi ba.

Mai faɗuwa yakan tare ƙasa da tafin hannu, shi ya sa karayar wuyan hannu ta yi yawa, tare da targaɗen idon sawu da gocewar kafaɗa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani wuri mai taushi inda ƙashi ke ƙara tsawo. In karaya ta bi ta nan aka ɗora ta a karkace, hannun na iya tasowa a gajarce ko a lanƙwashe.

Buguwar kai ta fi kowanne haɗari, ga shi kuma ita aka fi rainawa, tunda sau da yawa ba a ganin jini. Yaro na iya miƙewa ya karkaɗe rigarsa, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. Amai, barcin da ya wuce kima, ruɗewar magana, farfaɗiya ko ciwon kai mai ƙaruwa alamu ne na a garzaya asibiti nan take. Hular kwano tana rage wannan haɗari ƙwarai.

Galibi wurin mai ɗori ake fara zuwa, wanda Larabawan Sudan ke kira basir. Da yawansu gwanaye ne a karaya mai sauƙi. Matsalar tana wajen ɗauri: gaɓar da ta karye takan kumbura, in an tamke ta da kara da tsumma sai jini ya kasa wucewa, naman ya fara mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Yatsun da suka yi sanyi, suka sauya launi ko suka daina ji, da zafin da ya ƙi lafawa, suna nufin a sassauta ɗaurin a nemi likita. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta gida ba ce; tana buƙatar wanki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus.

Karayar wuyan hannu kan ɗauki kamar mako shida kafin ta haɗe. A gidan da ke ci daga cirar auduga, yankan dawa ko su a kogi, wannan asara ce ta kusan kaka guda, kuma ɗalibin da hannunsa na rubutu ya karye yakan koma baya a karatu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ƙara wahalar, musamman bayan faɗuwar garin Wad Madani a Disambar 2023, lokacin da asibitocin garin da dama suka daina aiki, marasa lafiya suka koma neman hoton ƙashi a garuruwa masu nisa.